Sunan da Na Kira a Kwarin Kunnuwa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya shimfiɗa rairayi ya kafa duwatsu a kai bai nemi shawarar kowa ba. Ni ce Kuluwa mai dutsen niƙa, mutuniyar Birnin Gwalam, matar marigayi masassaƙi. A tafiyar da zan ba ku labari na rasa raƙuma biyu, da rumfar kasuwa da na gada a hannun uwata, da ganin garinmu. Na samu ɗana na fari, da ƙafa ɗaya da rabi. Mai hankali ya auna ya gani ko an cuce ni.

Rubutun nan nawa ne, kada a zargi kowa. Allona bai wuce izu biyu ba aka cire ni aka kai kasuwa, saboda haka in kun ga baƙi ya karkace ku miƙe shi da bakinku.

Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ke sassaƙa, ni ke sayarwa. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa dawo mana da dutse. Da ya rasu sai ɗanmu na fari ya ɗauki guduma. Hannunsa ba shi da laifi, dutsen ƙasarmu ne mai kyau ya ƙare, sai mai laushi da ke zubar da tsakuwa a gari. Ranar da matar mai unguwa ta dire min dutse a gaban rumfa ta ce tuwon jiya ya ci haƙorin mijinta, kasuwa duk tana kallo, na koma gida na tarar da ɗan namu yana cin abinci. Mutum ne mai shekara talatin, da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Na ce, "Ci. Ai ka gaji ubanka a tuwo, saura dutse."

Ya wanke hannu ya tashi. Bayan kwana uku matarsa ta zo tana kuka, wai ya bi ayari zuwa Hurumin Tsaitsaye, inda fatake ke cewa akwai dutsen da za a yi niƙa a kansa har jikoki bai zubar da ƙwaya ɗaya ba. Na ce ya tafi, ƙafarsa ce. Sai da wani tsohon falke ya tsaya a rumfata ya ce, "Kuluwa, kin san dokar wurin kuwa? Hurumi ne. Wanda ya fasa dutse a ciki ba ya fitowa." A ranar na ba da rumfar a kan raƙuma biyu da salka huɗu, kuma ko a nan sai da na sa aka ƙara min buhun dabino.

Wata biyu muna tafiya da ayarin masu kanwa. Muka ƙetare Tafkin Gishiri, inda hasken ƙasa ke makanta raƙumi sai an ɗaura masa ƙyalle a ido. Muka wuce ƙasar mutanen da ke gina ɗakunansu a cikin rijiyoyi don gudun rana, in za ka gaishe su sai ka leƙa. Duk zangon da muka sauka sai in tambaya, a ce ya wuce.

Hurumin ba shi da ganuwa, duwatsunsa ne ganuwarsa. Ƙofa ɗaya ce, a gabanta kuma fili ne inda ayarin ƙasashe bakwai ke cin kasuwa kowace Laraba, har da na garinmu. A bakin ƙofar akwai dutse mai siffar laima, ƙafa siririya da kai mai faɗin da zai rufe mutum ɗari. A inuwarsa Magajiyar Hurumi ke zama, doguwar tsohuwa, tana kaɗi.

"Wa kike nema?" in ji ta.

"Yaron gidanmu. Dogo, baƙi, da tabo a haɓa."

"Sunansa."

Na kau da kai. 'Yan gida sun san dalili, amma don baƙo nake faɗa: a wurinmu macen kirki ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ni kuwa na fi kowa riƙo. Shekara talatin ban furta shi ba, ko ina ɗaki ni kaɗai. In ina son sa in ce "kai", in ina zancensa in ce "yaron nan". Da ni matan Gwalam ke yi wa 'ya'yansu misali.

Na ce, "Ba a tambayar uwa wannan."

"To, shi ya faɗa mana da bakinsa. Kwanansa shida a ciki, ruwan kwana bakwai ya ɗauka. Ina da maza goma sha biyu da suka san kowane lungu. Kawo raƙuman nan biyu su fito miki da shi."

Ku ji abin da bakina ya yi. Zuciyata na cewa ba ta, ba ta, amma baki ya riga ya saba. Na ce, "Albarka. Ɗaya."

"A nan ba a tayi."

"Ba inda ba a tayi, Magajiya. Ɗaya da buhun dabino."

Ta ci gaba da kaɗinta. Na juya kamar zan tafi, yadda ake yi, ina jiran a kira ni. Na yi taku ashirin ba wanda ya kira. In koma kuma in ce na yarda, a gaban 'yan kasuwar ƙasa bakwai? Sai na ga wani tsoho a raɓe, Baba Jarfa, tsohon mai gadin hurumin ne da aka sallama tun da idonsa ɗaya ya mutu. Ya yarda ya raka ni a kan buhun dabino. Har na ji daɗin arahar, Allah ya yafe min.

Muna shiga ya karanta min doka: ba a fasa dutse, ba a gusar da shi daga inda yake, ba a sauka sai inda aka kewaye da farar tsakuwa, in an tashi kuma a kwashe toka. Ina jin sa ne kawai, idona na kan abin da ban taɓa gani ba. Ni da na tsufa a cikin dutse, ashe ban san dutse ba. Ga wani kamar raƙumi ya durƙusa, ga wani kamar mata uku sun haɗa kai suna gulma. Ga wani ƙato kamar gidan sarki yana zaune a kan ɗan mitsitsin da bai fi turmi ba, iska na kaɗa shi yana jijjiga, bai faɗi ba. Na ja raƙumi na wuce da sauri. Baba Jarfa ya ce, "Tun kakan kakana yake shirin faɗuwa, ba a kanki zai fara ba."

Kafin magariba muka sauka a zangon Rumbuna, duwatsu ne jajaye masu ciki da ɗan wuya da hula, sak rumbunan gero, sai dai kowanne ya yi tsayin rimi. Muka kafa tantin fata a gindin ɗaya. Ban iya cin komai ba, ina ta tunanin gobe ruwansa zai ƙare. Da asuba tsohon ya tashe ni ya nuna min cikin rumbun yana gumi. Ya goga tsumma ya matse a ƙoƙo, bai fi maƙwarwa uku ba. Ya ce, "Duk dutsen hurumin nan haka yake yi kafin rana ta fito. In ɗanki mai lura ne, wannan zai riƙe shi kwana biyu ko uku."

"Mai lura ne," na ce. Ranar na fara yabonsa a gaban mutum.

Da hantsi muka isa Tsagar Allura, wata hanya ce tsakanin bango biyu masu tsayin da sama ta koma kamar zare. Baba Jarfa ya ce a sauke kaya a shige da su a ka, raƙuma su bi a sake.

"Zai ɗauki wane lokaci?"

"Rabin yini."

"Rabin yini, ruwansa na ƙarewa yau? Kora su haka."

"Baiwar Allah, ba a yi wa tsagar nan gardama."

Na karɓe akala a hannunsa. Raƙumin farko mai ɗauke da tanti ya shige yana gogar bango. Na biyu, mai ɗauke da ruwa, ya fi shi ciki. Ya kai tsakiya ya maƙale. Na ja, ya yunƙura, sai na ji salkuna na fashewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na bin ƙafata yana shigewa rairayi. Na durƙusa ina tara hannu kamar mahaukaciya. Salka ɗaya muka ceto. Raƙumin kuwa ya karye a hannu, ba gaba ba baya, dole tsohon ya yanka shi a wurin. Gawarsa ta toshe tsagar, hanyar komawa ta rufe. Na ɗaure salkar a bayana kamar goyo, daga nan ban ƙara yarda da bayan dabba ba.

Da rana ta take muka fito wani fili fari fat, shimfiɗaɗɗen dutse iya ganin ido. Sunansa Ɓawon Ƙwai, don a wurare da yawa ƙarƙashinsa rami ne. Masu gadi sun san hanya da wasu alamu, amma hasken ya cika wa tsohon ido ɗayan da ya rage, ya tsaya yana ta hawaye yana dube-dube. Ya ce mu bi nan. Ba mu yi nisa ba ƙasa ta ce ɓaras, raƙumin ya nutse da tanti da tukunya da komai. Akalar ta fizge fatar tafina ta tafi. Na daɗe ina sauraro ban ji ya kai ƙasa ba.

Muka tsaya cik, ba mai iya ɗaga ƙafa. Baba Jarfa ya ce, "Na ɓatar da ke. Ban ga alamun ba."

Sai na tuna da maƙodina, dunƙulen dutsen nan mai tauri da ake ƙoda dutsen niƙa da shi, yana ƙulle a bakin zanena tun daga gida. Ba wanda ya taɓa sayar min da dutse mai tsaga a ciki, don kafin in taya sai na ƙwanƙwasa. Mai lafiya yana amsawa da kaifi, mai rami yana amsawa kamar tulu. Na durƙusa na ƙwanƙwasa gabana, tulu. Na ƙwanƙwasa dama, tulu. Hagu ya amsa da kaifi. Na ce, "Baba, riƙe bakin zanena." Haka muka yi ta rarrafe, ni a gaba, dutse na gasa mana gwiwa har fata ta saɓule. Wajen la'asar hannuna ya faɗa kan wasu 'yan tabo uku a jere kamar duwatsun murhu. Haka mijina ke gwada dutse, haka ya koya wa ɗansa. Ashe yaron ma da rarrafe ya ƙetare. Na nuna wa tsohon, sannan na tuna da dokar hana fasa dutse. Ya kau da kai ya ce, "Idona ɗaya ne, kuma ba a wannan gefen yake ba."

Muka kwana a bakin wani dutse mai kamar kada ya hangame, ba tanti ba wuta. Kafin rana ta faɗi muka raba maƙwarwa bibbiyu. Baba Jarfa ya ce, "'Yar kasuwa, yanzu raƙumi nawa kika tsira da shi?"

"Tsoho, ci dabinonka."

"Yana bayan raƙumin."

Rana ta uku muka gangara Kwarin Kunnuwa. Duwatsu ne a tsaitsaye sun fi dubu, dogaye kamar mutane a sahu, kowanne da huda a gefen kansa. Tsakaninsu hanyoyi ne sun fi gashin kai, sawu kuma ba ya zama don ƙasar tsandauri ce. Na duba sama ko ungulu za ta nuna min wuri, sai na ga suna shawagi a wuri huɗu.

Baba Jarfa ya zauna ya ce, "Nan iyakar sanina. In muka bi lungu-lungu, wata guda ba mu gama ba. Amma duwatsun nan suna miƙa suna. In na jinin mutum ya kira shi da sunansa na yanka, za su yi ta miƙa wa juna har ya kai kunnensa, su kuma dawo da amsarsa. Ki bi amsar."

"Kai ka kira. Ai kun san sunan."

"Ni ba jininsa ba ne."

Na cika ƙirji na ce, "Kai!" Ni da ake jin muryata daga mahauta har bakin ƙofar gari, sai na ji ta faɗi a gabana kamar tsumma. Na ce, "Yaron nan!" Shiru. Na ce ɗan masassaƙi, na ce uban Hassu jikata, na kira shi da laƙabin da kakarsa ta sa masa. Ko dutse ɗaya bai motsa ba. Na roƙi tsohon ya matsa nesa ya toshe kunne, ya ce ko ya toshe duk hurumin zai ji, har bakin ƙofa. Na ce to in faɗi rabin sunan. Na ce in faɗa a hankali cikin hudar dutse ɗaya. Wallahi har duwatsun na taya, na ce zan bar musu 'yan kunnena. Tun hantsi nake wannan har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa.

Sai Baba Jarfa ya ce, ba da faɗa ba, "Kuluwa, in kika ƙara jimawa za ki kira shi dai, amma a kan kabari. Can ma sai an faɗi suna."

Na kwance salkar na ajiye. Na rufe fuskata da mayafi, don ko dutse ban so ya gan ni ba.

"Ilyasu!"

Dutsen da ke kusa da ni ya karɓa, ya ba na gaba, na gaba ya ba na gaba. Na ji muryata tana tafiya gabas da yamma, tana hawa tana sauka, Ilyasu, Ilyasu, bakuna dubu suna faɗin abin da na ɓoye shekara talatin. Na so ƙasa ta tsage. Sannan komai ya yi tsit. Na tsaya har na fid da rai. Can daga kudu sai wani abu ya taho, siriri kamar kukan sauro, dutse na miƙa wa dutse har ya iso kunnena: "Na'am."

Na bar tsohon a baya. Duk inda hanya ta rabu sai in sake kira, amsa ta ja ni. Sau goma sha ɗaya na kira, na farkon ne kawai mai wuya.

Na same shi a gindin wani baƙin dutse mai sheƙi, siffar mace ta durƙusa tana niƙa. Ko daga nesa na san ban taɓa ganin irinsa ba. Ya sare wani falle daga gefensa, fallen ya zame ya danne masa ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa. Leɓɓansa sun tsage, harshensa duk jini saboda lasar gumin dutse. Ya buɗe ido ya dube ni ya daɗe.

"Iya, ke ce? Na ɗauka mala'ika ne. Na ce muryar Iya ce, amma Iya ba ta san sunan nan ba."

"Rufe bakinka ka sha ruwa."

Ya sha. Ya ɗora hannu a kan fallen ya ce, "Ƙwanƙwasa ki ji, Iya. Wannan ba mai dawo miki da shi."

Ban ƙwanƙwasa ba. Na sa kafaɗa, Baba Jarfa ya iso ya sa tasa, ko gezau. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har ta fara wari. Muna cikin haka sai ga Magajiya a kan jaki, da mazanta goma sha biyu ɗauke da gungume da igiyoyi, ko ƙura babu a jikinsu. Sun ji kiran tun daga ƙofa.

Na ce, "Yaya kuka iso yanzu-yanzu?"

"Akwai hanyar masu gadi, tafiyar ɗan lokaci ce. Ita ce ta raƙuma biyu."

Na haɗiye wannan. Na ce, "Ku ɗaga."

Ba wanda ya motsa. Magajiya ta sauka ta shafa inda aka sare, kamar mai duba rauni a jikin ɗa. Ta ce, "Wannan dutse ya girmi garinku, kuma ba ya toho. Dokarmu biyu ce. Ko wanda ya fasa ya zauna a ƙarƙashin abin da ya fasa, ko wanda ya haife shi ya tsaya a bakin ƙofa kowace Laraba, a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga murya ya faɗi sunan mai laifi, da sunan ubansa, da na uwarsa, da abin da ya yi, don mai shigowa ya ji. Shekara bakwai."

A zuciyata na ga fatakenmu na Gwalam tsaye da kayansu suna kallona, na ga labarin yana isa gida kafin su sauke kaya. Na cire 'yan kunnena na zinariya na miƙa. Ta ƙi kallo. Na ce zan yi mata niƙa da ɗiban ruwa har in mutu. Ta ce tana da masu yi. Na ce a sare hannuna na dama. Na ce a ciro shi a sa ni a ƙarƙashin fallen, ai ni na aiko shi da bakina.

"Dutsen bai san ki ba," in ji ta.

"Shekara ɗaya, to."

"Kin manta. A nan ba a tayi."

Yaron ya kamo ƙafata ya ce, "Iya, bar shi. Kada ki tsaya a kasuwa saboda ni. Ki koma gida da mutuncinki." Yana faɗa idonsa na juyewa. Ɗaya daga cikin mazan ya tsuguna ya latsa cinyar ya ce baƙin yana hawa, in aka kai la'asar ba ƙafa kaɗai za a rasa ba.

Na ce, "Magajiya, na ji ba a ragi. Ƙari fa, ana yi?"

Ta dube ni, karo na farko da ta dube ni sosai.

"Sunan yaron zan faɗa, nawa ma zan faɗa, in ƙara da cewa ni na tura shi. Amma ubansa yana kabari, bai fasa muku komai ba, kuma bakina bai taɓa kama sunansa ba yana raye. Ki cire shi, ki ɗora min abin da kika ga dama."

Ta murza zaren da ke hannunta. "Shekara uku a kai."

"Ɗaya."

"Kuluwa," in ji Baba Jarfa.

"Biyu," in ji Magajiya, ta ɗaga wa mazanta hannu. Suka cusa gungume a ƙarƙashin fallen suka tsaya, suna jiran bakina.

Shekara tara, kowace Laraba, a tsakiyar kasuwar ƙasa bakwai, fuska a buɗe: sunan Ilyasu da nawa, ban da na ubansa. A kan haka na sallama.